Royal Enfield Classic 350: tsohuwar sura, sabon inji

Wane babur ne wannan, kuma me ya sa yake kama da na zamanin kakanni?

Classic 350 babur ne da kamfanin Royal Enfield yake ƙerawa a masana'antunsa da ke kewayen birnin Chennai a kudancin Indiya. Asalin kamfanin na Ingila ne, domin a garin Redditch ya fitar da babur ɗinsa na farko a 1901. A 1955 aka kafa reshen kamfanin a Madras, wato Chennai ta yau, domin harhaɗa samfurin Bullet, kuma bayan harkar ta mutu a Ingila sai reshen Indiya ya ci gaba da riƙe sunan. Classic ya fito a 2009, an kuma ɗauko surarsa daga baburan da kamfanin ya yi bayan yaƙin duniya na biyu: fitila zagayayya a cikin kwanson ƙarfe, tanki mai siffar ɗigon ruwa, da doguwar salansa mai sheƙi. A 2021 aka sake shi baki ɗaya, amma aka bar masa wannan kama.

Inji mai sisi 349 (sisi, wato cc, shi ne ma'aunin girman inji) ƙarami ne da gaske?

A Turai da Amurka, inda ake hawan babura masu sisi 900 ko fiye, ƙarami ne. Ga wanda ya saba da Bajaj Boxer mai sisi 100 irin na 'yan acaɓa kuwa, wannan babba ne, tun da ya ninka shi fiye da sau uku.

Mene ne ya bambanta injinsa da na sauran babura masu irin girmansa?

A nan ne dabarar masu ƙera shi take, kuma a nan ya kamata mai karatu ya dakata. Injin silinda ɗaya ne mai bawul biyu, iska da baƙin mai ne suke sanyaya shi, saboda haka ba shi da lagireto. Faɗin silindar milimita 72 ne, amma tazarar da fistan yake yi daga sama zuwa ƙasa ta kai milimita 85.8. Yawancin baburan zamani suna da faffaɗar silinda da gajeriyar tazara domin injin ya riƙa juyawa da sauri sosai. Wannan ya bi akasin haka da gangan. Idan tafiyar fistan ta yi tsawo, injin ba ya son saurin juyawa, amma yana ba da ƙarfin ja tun yana tafiya a hankali, shi ya sa Classic yake kaiwa ƙololuwar ƙarfin jansa a juyi 4,000 kacal a minti ɗaya, ƙarfin dokinsa kuma ya tsaya a 20.2 a juyi 6,100. Amfanin haka a kan titi shi ne mahayi ba ya yawan sauya giya a cunkoso ko a hawan tudu, ko da ya goya mutum a baya. Daga nan kuma aka sami ƙaran nan mai fita ɗaya bayan ɗaya kamar bugun ganga, wanda masoyan babur ɗin a Indiya suke gane shi tun daga nesa. A ganina wannan zaɓi ne na hankali, domin sun tsaya a kan abin da mai saye yake so, ba su bi yayin gudu ba.

To, me aka gyara a 2021?

Babban kukan masu tsohon samfurin shi ne karkarwa, wadda takan sa madubi ya daina nuna komai, hannu kuma ya mutu a doguwar tafiya. Sabon injin, wanda aka fara sa wa Meteor 350 a 2020, yana da wani sandan ƙarfe mai nauyi a gefe guda da yake juyawa a cikinsa yana kashe girgizar fistan. An kuma daina amfani da dogayen sanduna wajen buɗe bawul, an mayar da abin da yake buɗe su can saman silinda. Firam ɗin ma sabo ne mai bututu biyu a gaba, wanda ya fi tsohon tsayawa daram a kwana. Giya biyar ce, kuma kwamfuta ce take auna man da yake shiga inji maimakon kafireta. Birkin gaba faifai ne mai faɗin milimita 300, da na'urar ABS mai hana taya cijewa idan an taka birki da ƙarfi.

Ba shi da aibi ke nan?

Yana da shi. Nauyinsa ya kai kilo 195, abin da ya yi yawa ga ƙarfin doki 20, kuma mahayi zai ji haka idan ya so wuce babbar mota a kan babban titi ko ya tashi tura shi da hannu. An kuma cire masa kiki, sai dai a tayar da maɓalli kawai. Wannan rashin yana damuna ƙwarai, domin duk wanda batirinsa ya mutu a wurin da babu bakanike kusa zai rasa hanya mafi sauƙi ta tayar da babur mai wannan nauyi.