Batun fd da ake mantawa a buɗe da kuma -fanalyzer, ga amsoshin sau ɗaya

Na gaji da maimaita abu ɗaya ga masu tambaya kan fd (file descriptor) da -fanalyzer, zaɓin kwamfaila GCC mai binciken kod don gano kurakurai, don haka ga tambayoyin da amsoshinsu nan a haɗe.

Wai menene fd ɗin ma?

Lamba ce kawai. Ka kira open(), kanel (zuciyar tsarin aikin kwamfuta) ya miƙo maka ƙaramar lamba, da ita kake karatu da rubutu. 0, 1 da 2 an riga an kama su, naka yawanci daga 3 yake farawa. In buɗewar ba ta yi ba, -1 za ka samu.

To in ban rufe ba sai me? Ai firogiram in ya mutu kanel na kwashewa.

Eh, in ya mutu. Sabar da ke wata uku a kunne fa? A Linux iyakar da aka saba sakawa 1024 ce, rannan sai ka tashi ka ga "Too many open files" ka hau zagin na'ura alhali kai ne ka bar famfo yana yoyo.

Ya zan kunna mai binciken da ke kama wannan yoyon?

gcc -fanalyzer. Shi kenan. Ya shigo ne a GCC 10 a 2020, aikin David Malcolm na Red Hat, amma gargaɗin fd sai a GCC 13 a 2023. Dan Allah ku duba gcc --version kafin ku ce min baya aiki, rabin masu tambayar nan tsohon kwamfaila ne a hannunsu.

Me yake kamawa?

Fd da aka bari a buɗe, wanda aka rufe sau 2, wanda aka yi aiki da shi bayan an rufe, wanda ba a duba ko -1 ba ne aka wuce da shi wajen read(), da rubutu a fayil da aka buɗe da O_RDONLY. Rufewa sau 2 ɗin nan ita tafi bani tsoro wallahi, saboda kanel mafi ƙanƙantar lambar da ba kowa a kai yake bayarwa, kana rufe 5 wani zaren aikin zai iya buɗe fayil a ba shi 5, close() ɗinka na biyu fayil ɗinsa zai kashe, kuma matsalar can wani wuri za ta ɓulla da babu ruwansa.

Ina rubuta C++, zai min?

An gina shi don C ne. Kai ka saka fd ɗinka cikin kilas mai rufe kansa ka huta.

Yana ce min akwai yoyo amma na rantse ina rufewa a wani wurin. In kashe gargaɗin?

Toh, ya danganta, kuma kar ka yi saurin rantsuwa. Fara karanta hanyar da ya zana maka, yana jero matakai da lambobi, nan aka buɗe, nan aka bi wannan reshen na if, nan aka fita. Sau tari gaskiyarsa ce: kana rufewa a ƙasan fankshan, amma akwai wani return a tsakiya, wajen da malloc ko fstat ya gaza, wanda ke tsallake close() ɗin. Ba ka taɓa gani ba ne don reshen bai taɓa faruwa a gwajinka ba.

Amma kuma wani lokacin shi ne ya ruɗe. Fd dai int ne, babu abin da ke jikinsa da ke faɗin waye mai alhakin rufe shi. Ka cusa shi cikin struct, ko wani jeri, ko ka miƙa wa fankshan da ke wani fayil ɗin da kwamfaila baya ganin cikinsa, dole sai dai ya yi hasashe, wani sa'in ya yi ihu ba dalili, wani sa'in ya yi tsit alhali ruwa na zuba, kuma ni shirun ne yafi damuna. Kana iya taimaka masa da alamomin attribute na fd_arg, fd_arg_read ko fd_arg_write a kan fankshan ɗinka, sai dai su suna cewa ne "wannan fd ne, a buɗe nake so", basu ce "na karɓi alhakin rufewa" ba. Ni abin da nake yi, in sake fasalin kod ɗin yadda mai buɗewa shi ne mai rufewa, da goto ɗaya zuwa wajen tsaftacewa. In hakan bai yiwu ba kuma ka bi hanyar da idonka ka tabbatar, sai ka yi shiru da shi da pragma (umarnin da ake rubuta wa kwamfaila cikin kod) a wannan wurin kaɗai, ka rubuta dalili a gefe. Amma -Wno-analyzer-fd-leak a duk aikin gaba ɗaya? A'a malam.

close() ya dawo da EINTR (wato sigina ta katse kiran), in sake kira?

A Linux kar ka kuskura. An riga an saki lambar. Koma sama ka karanta batun rufewa sau 2.

Bai ce komai ba, kenan kod ɗina lafiya lau?

Inaa. Hanyoyi in suka yi masa yawa yana haƙura ya daina bi, kuma ba zai faɗa maka ba sai ka kunna -Wanalyzer-too-complex. Kar ka tsorata dai, ba laifinka bane, haka aikin yake. Ka haɗa da valgrind --track-fds=yes (manhajar da ke sa ido kan firogiram yayin da yake gudana), sannan lokacin da firogiram ɗin ke gudana ka leƙa /proc/PID/fd (PID lambar firogiram ɗin da ke gudana ce) sau biyu da tazarar minti goma, ka ƙirga ka ga ko fd ɗin na ƙaruwa.