Tambayoyi da Amsoshi Kan Dokar Buɗe Ƙuri'un Gidan Waya Kafin Ranar Zaɓe a Amurka

Duk lokacin da zaɓen Amurka ya ƙarato sai waɗannan tambayoyi su sake dawowa, galibi daga bakin waɗanda aka riga aka amsa musu. Ga amsoshin wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Jinkirin bayyana sakamako ba alamar maguɗi ba ce?

A'a. Na san inda muka fito, da zarar sakamako ya kwana sai zukata su fara zargi, amma a jihohi irin su Pensilvaniya da Wiskonsin doka ce da kanta ta haddasa jinkirin, domin ta hana malaman zaɓe buɗe ambulan ɗin ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya har sai safiyar ranar zaɓe. A shekarar 2020 Pensilvaniya ta karɓi irin waɗannan ƙuri'u fiye da miliyan biyu da rabi, an yi zaɓe ranar Talata 3 ga Nuwamba, amma sai ranar Asabar 7 ga wata kafafen yaɗa labarai suka bayyana cewa Joe Biden ne ya lashe jihar.

Mene ne wahalar buɗe ambulan?

Wanda ya yi wannan tambaya bai taɓa ganin aikin ba. A Pensilvaniya ƙuri'a tana zuwa ne cikin ambulan biyu. Sai an duba na waje an tabbatar mai zaɓe ya sa hannu kuma sunansa yana cikin rajista, a yanka shi, a zaro na ciki wanda ke ɓoye sirrin mai zaɓe, a yanka shi ma, a warware takardar a miƙar da ita don kada ta maƙale a na'ura, sannan a kai ga ƙidaya. A ninka wannan sau dubu ɗaruruwa a Filadelfiya, birni mafi girma a jihar, kaɗai.

Idan aka fara aikin da wuri, ba za a fallasa sakamako ba?

Shirya ƙuri'a daban, bayyana sakamako daban. Fulorida tana fara aikin makonni kafin ranar zaɓe, kuma fitar da sakamako kafin a rufe rumfuna babban laifi ne a dokarta. Shi ya sa jihar da ta sha kunya a rikicin sake ƙidayar ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa na 2000 take cikin masu saurin bayyana sakamako a yau.

Doka ɗaya ce a duk ƙasar?

A'a. Kowace jiha da tata.

Na aika ƙuri'ata, sai na tuna ban sa hannu ba, ko kuma na sauya ra'ayi. Zan iya gyarawa?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, kuma amsarta ta danganta da jihar da mutum yake, wani lokaci ma da gundumarsa. Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, da zarar an raba takardar ƙuri'a da ambulan mai ɗauke da suna, babu wanda zai iya gane wacce ce ta wane, saboda haka a jihar da ake fara aiki da wuri ƙofar sauya ra'ayi tana rufewa da wuri. A Mishigan, inda dokar 2023 ta ba garuruwa masu mutane dubu biyar zuwa sama damar fara aikin kwana takwas kafin zaɓe, an matso da wa'adin soke ƙuri'ar da aka riga aka mayar saboda wannan dalili. Jihohi da yawa kuwa ba su yarda da sauya ra'ayi ba sam.

Mantuwar sa hannu wani batu ne daban, kuma a nan fara aiki da wuri yakan taimaki mai zaɓe, tunda ana gano kuskuren da sauran lokaci. A Fulorida ana sanar da mutum, yana kuma da dama har ƙarfe biyar na yamma na kwana na biyu bayan zaɓe ya gyara. A Pensilvaniya wasu gundumomi suna sanarwa su bari a gyara, wasu ba sa yi, sai dai a watan Oktoban 2024 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa wanda aka ƙi ƙuri'arsa saboda kuskure irin na rashin ambulan na ciki zai iya zuwa rumfa ya jefa ƙuri'ar wucin gadi, wadda za a ƙidaya bayan an tantance. Duk da haka kada wani ya dogara da abin da aka yi wa ɗan'uwansa a wata jiha, ko abin da aka yi a zaɓen da ya wuce, domin kotuna suna sauya waɗannan ƙa'idoji har ana gab da zaɓe. A tuntuɓi ofishin zaɓe na gunduma tun da wuri, kuma kada a tada hankali, yawancin jihohi suna da hanyar duba inda ƙuri'a ta kwana ta intanet.

Me ya sa ɗan takara ke kan gaba da dare, da safe a ga an wuce shi?

Domin a 2020 magoya bayan jam'iyyar Dimokurat sun fi yin zaɓe ta gidan waya, 'yan Rifablikan kuma sun fi zuwa rumfa, kuma a jihohi irin su Pensilvaniya da Wiskonsin ƙuri'un rumfa aka fara bayyanawa. Birnin Milwoki na jihar Wiskonsin yana tara ƙuri'un gidan waya wuri guda ya bayyana su lokaci ɗaya, a waccan shekara kuwa sai da asuba ta kusa. Ba daga sama suka faɗo ba.

To me ya hana a gyara dokar?

Siyasa, ba wani abu ba. Malaman zaɓe na jam'iyyun biyu sun daɗe suna roƙo. A 2023 majalisar wakilan Wiskonsin ta amince a fara aikin ranar Litinin, jajibirin zaɓe, amma majalisar dattawan jihar ba ta ɗauki ƙudurin ba. A 2024 majalisar wakilan Pensilvaniya ta amince da kwana bakwai, nan ma ya maƙale a majalisar dattawa, inda 'yan Rifablikan ke son a haɗa shi da tsaurara sharaɗin nuna katin shaida. Haka jihohin biyu suka shiga zaɓen 2024 da tsohuwar dokarsu.