Abin Da Doka Ta Ce Game Da Kuɗin Beli Da Mai Tsayawa

Duk lokacin da labari ya fito cewa kotu ta bayar da belin wani a kan naira miliyan goma, sai ka ji mutane suna cewa mai kuɗi ya sayi kansa, shari'a ta mutu. Wannan fahimta ba daidai ba ce, kuma tana sa talaka ya bar ɗan'uwansa a tsare, yana zaton sai ya sayar da gona kafin a sake shi.

Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa, shi ya sa Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta sanya beli ya zama haƙƙi a yawancin laifuka. Dokar tana aiki ne a Abuja da kotunan tarayya, jihohi kuma sun yi irin tasu, kamar Kano a 2019. Laifin da hukuncinsa kisa ne kuwa, sai alƙalin babbar kotu, shi ma da dalili na musamman, kamar rashin lafiyar da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar, ko jinkirin shari'a fiye da shekara guda.

Adadin da alƙali yake ambatawa, a mafi yawan lokuta, alkawari ne a rubuce. Mai tsayawa yana sa hannu cewa idan wanda ya tsaya wa ya gudu, zai biya gwamnati wannan kuɗi. Ranar sakin, abin da magatakarda yake nema shi ne hoto, katin shaida, adireshin da za a je a tantance, wani lokaci da takardar fili. Idan kuma kotu ta ce a ajiye kuɗi, ajiya ce da ake mayarwa bayan shari'a. Belin ofishin 'yan sanda kyauta ne, ko da an raɗa maka a teburin ofishin cewa ka kawo kuɗin takarda.

Sai dai tsayawa ba ƙaramin nauyi ba ne. Idan wanda aka saki ya daina zuwa kotu, za a kira mai tsayawa ya faɗi dalilin da zai hana a karɓi kuɗin daga hannunsa. Idan ya kasa biya, ana iya sayar da dukiyarsa, ko a ɗaure shi har tsawon wata shida. Wanda ya ga take-taken gudu yana da damar komawa kotu ya janye, a sake tsare mutumin har ya kawo wani. Shi ma wanda aka saki ba sakaka yake ba, domin kotu tana iya karɓe fasfo ɗinsa, kuma saɓa sharaɗi ko tsoratar da shaidu yana jawo a soke belin.

Mace ma tana da damar tsayawa, sashe na 167(3) na dokar 2015 ya faɗa ƙarara, duk da cewa har yanzu ana korar iyaye mata a ce su turo namiji.

Inda lamarin yake ciwo shi ne sharuɗɗa. Dokar ta hana tsanantawa, amma ana ci gaba da neman babban ma'aikacin gwamnati ko mai gida a tsakiyar birni, abin da ɗan dako daga ƙauye ba zai taɓa samu ba. Irin wannan mutum an ba shi beli a takarda, amma yana nan a gidan gyaran hali cikin masu jiran shari'a, waɗanda su ne mafi yawan mazauna gidajen. Lauyansa yana iya neman babbar kotu ta sassauta sharuɗɗan, idan yana da lauya.