Hayayyafa da Saka Ƙwai a Macijin Masara na Kiwo

Macijin masara, wanda masana ke kira Pantherophis guttatus, maciji ne marar dafi da asalinsa yake kudu maso gabashin Amurka, daga Niyu Jasi har ƙarshen Fulorida, ya yi yamma zuwa Luwiziyana. Babba yakan kai tsawon santimita 60 zuwa 180, kuma yana kashe abin da zai ci ne ta hanyar nannaɗe shi ya matse. Yana cikin macizan da aka fi kiwo a gida, saboda ba shi da faɗa, yana karɓar mataccen ɓera, kuma yana hayayyafa a keji ba tare da wata wahala ba. Macen ƙwai take sakawa, amma ba ta kwanci. Da ta gama sai ta tafi abinta, don haka aikin da ruɓaɓɓen itace da ƙasa mai danshi ke yi wa ƙwan a daji, mai kiwo ne ke ɗaukarsa a gida.

Suna da tarihin kiwo

Masanin halittu Carl Linnaeus ne ya siffanta shi a 1766 da sunan Coluber guttatus. Ya daɗe a ƙarƙashin rukunin Elaphe, kafin a mayar da shi Pantherophis a farkon shekarun 2000. Game da sunan da aka fi saninsa da shi akwai zance biyu: wasu sun ce don ana yawan samunsa a rumbunan masara yana farautar ɓeraye, wasu kuma sun ce don zanen baƙi da fari na cikinsa ya yi kama da jerin ƙwayoyi a jikin masara mai launi-launi.

Tarihin hayayyafarsa a hannun mutane tarihin launi ne. A wajen 1953 aka kama wani namiji a Karolina ta Arewa wanda babu ɗigon baƙi a jikinsa, sai ja da ruwan lemo da fari, idanunsa kuma jajaye, wato zabiya. Wani likita ɗan Amurka, H. Bernard Bechtel, ya haɗa shi da mata masu launin daji a wajen 1959. 'Ya'yan da aka samu duk suka fito da launin iyayensu mata, kamar dai abin ya ɓace. Da ya haɗa waɗannan 'ya'yan da junansu, sai ga zabiyoyi sun ƙyanƙyashe a 1961. Wannan ya tabbatar cewa siffar gado ce mai ɓuya, wadda ba ta bayyana sai ɗa ya gaje ta daga uwa da uba duka.

Lissafin da ya fito daga nan shi ne masu kiwo ke aiki da shi har yau. Idan uwa da uba duk suna ɗauke da siffar a ɓoye, kowane ƙwai yana da damar ɗaya cikin huɗu ta fito da ita. Damar kowane ƙwai ce, ba alƙawarin zubi ba, shi ya sa ƙwai goma sha biyu kan ba da zabiya shida, ko ɗaya, ko babu sam. Daga baya aka samu wasu macizan a kudancin Fulorida da suka rasa jan launi, suka zama toka-toka da baƙi, kuma da aka haɗa siffofin biyu a jiki ɗaya sai aka samu maciji fari fat mai ɗan hoda-hoda. A gefe guda kuma akwai masu fifita launin daji na wasu yankuna, musamman na Okeetee a Karolina ta Kudu, wanda ya yi suna da jan zane mai kaurin baƙin baki. Launukan da ake da su yanzu sun kai ɗaruruwa. Haɗa shi da wasu nau'o'in macizai makusanta abu ne da masu kiwo suka rabu a kansa.

Balaga da bambance jinsi

Girman jiki ya fi shekaru muhimmanci. Ƙa'idar da ta yaɗu a tsakanin masu kiwo ita ce kada a haɗa mace sai ta kai shekara 3, tsawon santimita 90, da nauyin giram 300. Tana iya ɗaukar ƙwai kafin haka, amma ƙaramar mace ce ta fi fuskantar maƙalewar ƙwai. Namiji yakan isa barbara tun yana shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Wutsiyarsa ta fi tsawo da kauri a gindi, domin a nan al'aurarsa guda biyu suke a ɓoye, sai dai ido yana ruɗi, kuma tabbaci sai da siririn ƙarfen gwaji a hannun wanda ya ƙware.

Sanyayawa da barbara

A daji macijin yana lafawa a lokacin hunturu, kuma masu kiwo da yawa suna kwaikwayon hakan. Ana daina ba shi abinci mako biyu zuwa uku tukuna, domin abincin da ya rage a ciki zai ruɓe idan sanyi ya tsayar da narkewa. Sannan a sauke zafin wurin a hankali zuwa digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Selshiyas, a bar shi da ruwan sha kaɗai tsawon kwana 60 zuwa 90. Akwai masu tsallake wannan mataki kuma suna samun ƙwai masu kyau. Masu yin sa suna cewa yana daidaita lokacin namiji da mace.

Bayan an ɗumama su an ci gaba da ciyarwa, macen takan yi saɓa, kuma ƙanshin sabuwar fatarta ne ke jawo namiji. Yakan bi bayanta yana goga haɓa, jikinsa na fizga, har wutsiyoyinsu su sarƙe. Yawanci abin ba ya kai awa guda.

Saka ƙwai

Tsakanin barbara da saka ƙwai kwana 30 zuwa 45 ne a mafi yawan lokuta. Rabin jikinta na baya yakan kumbura har fata ta bayyana a tsakanin ɓawon jikin, kuma sau da yawa takan ƙi abinci. Alamar da aka fi dogara da ita ita ce wata saɓa da take yi gab da lokacin. Idanunta su yi shuɗi-shuɗi kamar an zuba madara, su washe, ta tuɓe fatar, daga ranar kuma sai a fara ƙirga kwana 10 zuwa 14.

A wannan tsakanin ake sa mata akwatin roba mai murfi, da rami ɗaya na shiga, cike da gansakuka mai danshi wadda in an matse ta ba ta ɗigar da ruwa. Macen takan yi ta kai-komo a keji tana tura hanci kowane lungu, ta shiga akwatin ta fito, har ta natsu a ciki. Masu kiwo kan cire babban kwanon ruwa su sa ƙarami, saboda macen da ba ta sami wurin da ya yi mata ba takan zuba ƙwanta a ruwa, su mutu.

Zubi ɗaya yakan kama daga ƙwai 10 zuwa 30, amma 12 zuwa 24 ne aka fi gani. Ƙwan dogo ne, fari, ɓawonsa mai laushi kamar jemammiyar fata, kuma cikin 'yan sa'o'i yakan manne da 'yan'uwansa ya zama dunƙule ɗaya. Baragurbi ba ya ɓuya: ƙarami ne, rawaya-rawaya, mai santsi kamar kakin zuma. Macen da ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba ma tana iya zuba irinsa. Bayan ta gama takan fito a rame, fatarta ta yi tamoji, tana bukatar ruwa da ƙananan ɓeraye kafin ta koma manya. Wasu matan suna sake zubi na biyu a shekarar, ko da ba a mayar musu da namiji ba, domin suna iya ajiye maniyyi a jiki. Wannan zubin ya fi ƙanƙanta, kuma ya fi cin jikin uwar.

Ƙyanƙyasa

Ana kwashe ƙwan zuwa akwati mai rufi, a binne rabinsu a wani ma'adini marar nauyi mai riƙe danshi da ake kira bamikulait, wanda aka cakuɗa da ruwa daidai wa daida a nauyi. Ƙwan maciji ba a juya shi kamar na kaza, domin ɗan tayin yana kafuwa a wuri ɗaya kuma juyi na iya kashe shi, shi ya sa ake yi wa saman kowanne alama da fensir. Waɗanda suka manne ana barinsu a haka. Idan aka haska ƙwai mai rai da tocila a duhu, za a ga jajayen jijiyoyi sun yi rassa a ciki.

A zafin digiri 26 zuwa 29, ƙyanƙyasa takan zo bayan kwana 55 zuwa 65. Zafin da ya wuce haka yana gaggauta ta, amma yana jawo 'ya'ya masu lanƙwasasshen ƙashin baya. Zafi ba shi ne ke tsaida namiji ko mace ba, saɓanin yadda yake a kada da yawancin kunkuru.

Gab da fitowa ƙwan yakan ɗan loɓa. Ɗan macijin yana tsaga ɓawon da wani ƙaramin haƙori da ke bakin hancinsa, ya leƙo da kai, in ya ga motsi ya koma. Yakan yi kwana ɗaya ko biyu a haka yana shanye sauran gwaiduwa, kuma jawo shi waje da hannu na iya halaka shi. Yana fitowa da tsawon santimita 20 zuwa 30. Bayan kamar mako guda yake saɓar farko, sannan a ba shi jaririn ɓera, kowanne a akwatinsa.

Maƙalewar ƙwai

Idan mace ta saka wasu ƙwan ta tsaya, kumburi kuma yana nan bayan kwana ɗaya ko biyu, ƙwai ya maƙale. Ƙanƙantar jiki, ƙiba, rashin ruwa, rashin wurin sakawa, da ƙwai mai girma fiye da kima duk suna haddasa shi. Matsa ƙwan da yatsa na iya yaga mahaifa. Likitan dabbobi yakan yi allurar naƙuda, ko ya zuƙe ruwan ƙwan da sirinji, ko ya yi tiyata.

Doka

Jihar Jojiya ta Amurka ta hana riƙe shi a matsayin dabbar gida saboda ɗan asalin jihar ne, Ostareliya kuma ta hana saboda gudun ya bazu a daji.