Wa ke riƙe da rajistar sunayen intanet, kuma ina ikonsa ya tsaya?

A watan Satumba na 2021, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin jiha, mutane sun riƙa hawa mota zuwa jihohi maƙwabta don kawai su kira 'yan'uwa ko su tura kuɗi. A majalisun Gusau an sha yin tambaya ɗaya: shin babu wata hukuma ta duniya da ke kula da intanet, wadda za a kai wa kuka? Amsar ita ce babu. Intanet ba ta da sarki. Sai dai akwai wani ɓangare nata guda ɗaya da dole duniya ta haɗu a kansa, wato sunaye, kuma yadda ake tafiyar da shi ya cancanci kowa ya sani, don ya shafi ɗalibi da ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati duka.

Bari mu fara da yaron da ya shiga shagon kwamfuta a Tudun Wada zai duba sakamakon jarrabawarsa. Ya rubuta jamb.gov.ng. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani, don haka sai ta yi tambaya. Idan ba ta da amsar a ajiye, tambayar takan fara ne daga uwar rajista, wadda ke ɗauke da jerin duk ƙarshen sunaye na duniya, irin su .com da .org da .ng. Uwar rajista ba ta san JAMB ba, amma ta san wanda ke riƙe da .ng, sai ta nuna shi. Daga nan a gangaro zuwa gov.ng, har a iso ga lambar na'urar da shafin yake. Kafin yaron ya ɗaga yatsa an gama. Wannan tsari shi ne DNS, kuma wani masani mai suna Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983.

Abin da ya sa uwar rajista ke da muhimmanci shi ne dole ta zama ɗaya. Da za a sami biyu masu saɓani, sai wanda ke Ƙauran Namoda ya rubuta sunan bankinsa ya faɗa wani wuri, wanda ke Legas ya rubuta sunan nan ya faɗa wani wurin dabam. Akwai adireshi 13 na na'urorin da ke amsa tambayoyin uwar rajista, ƙungiyoyi 12 ke gudanar da su, kuma an baza kwafinsu fiye da 1,000 a sassan duniya. Amma jerin da suke karantawa guda ne.

To wa ke rubuta jerin? Shekaru da yawa mutum ɗaya ne ke jagorantar aikin, Jon Postel, wani masani a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, da kuɗin gwamnatin Amurka. Da intanet ta zama hanyar kasuwanci, aka ga abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A 1998 aka kafa ICANN don ta karɓi aikin, kuma a watan Oktoba na shekarar Postel ya rasu. ICANN ba reshen Majalisar Ɗinkin Duniya ba ce, ba kuma ma'aikatar wata ƙasa ba. Ƙungiya ce da ba ta neman riba, an yi mata rajista a ƙarƙashin dokar jihar Kalifoniya, hedkwatarta na Los Anjelis.

Nan ne mai neman “doka” zai ɗan yi mamaki. Babu wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da shugabanni suka sa wa hannu kan sunayen intanet. Abin da ke akwai shi ne kundin tsarin ICANN da sarƙar kwangiloli. ICANN na da kwangila da kamfanin da ke riƙe da kowane ƙarshen suna na gama-gari, kamar Verisign mai riƙe da .com. Tana da kwangila da dillalan da ke sayar da sunaye. Kai kuma da ka biya kuɗin suna ka danna “na amince”, ka shiga sarƙar. Ƙa'idar da aka zartar a sama ta wannan hanya take gangarowa har ta same ka a shagonka.

Su wa ke zartar da ƙa'idar? Tsarin da ake kira na masu ruwa da tsaki ke nan. Ya yi kama da babbar kasuwa irin ta Talatar Mafara, inda mahauta ke da shugabansu, 'yan hatsi da nasu, dillalai da nasu, hukuma ma na da bakin magana, amma ba wanda zai tashi shi kaɗai ya sauya wa kowa rumfa. A ICANN akwai zauren masu sunayen gama-gari, inda kamfanoni da lauyoyin masu tambarin kasuwanci da ƙungiyoyin farar hula ke zama. Akwai zauren masu riƙe da sunayen ƙasashe. Akwai na masu rabon lambobi, da na talakawa masu amfani da intanet, da kwamitocin injiniyoyi masu kula da tsaro. Ƙa'ida takan faro daga ƙasa, a kafa kwamitin aiki, a fitar da daftari kowa ya yi sharhi, a yi ta ja-in-ja har a sami matsaya, sannan a miƙa wa hukumar gudanarwa mai mutum 16 masu ƙuri'a. Abin na iya cin shekaru.

Gwamnatoci fa? Suna da kwamitinsu, GAC, mai wakilan ƙasashe fiye da 170, har da Nijeriya. Amma shawara suke bayarwa, ba umarni ba, kuma wakilinsu a hukumar gudanarwa ba ya jefa ƙuri'a. Duk da haka shawarar na da nauyi: idan gwamnatoci suka haɗu a kan magana ba mai ja, sai kashi 60 cikin ɗari na hukumar gudanarwa sun yarda kafin a ƙi ta, kuma dole a bayyana dalili a nemi sulhu. Rikicin .amazon ya nuna yadda abin ke tafiya. Kamfanin Amazon ya nemi sunan a 2012, ƙasashen da dajin Amazon ya ratsa, musamman Burazil da Peru, suka ce sunan yankinsu ne. Aka dakatar, kamfanin ya ɗaukaka ƙara, aka yi ta kai-komo har 2019 kafin a ba shi da wasu sharuɗɗa. Ni dai a ganina ƙasashen suna da hujja, kuma hukuncin ya nuna cewa mai kuɗin ɗaukar lauyoyi na shekara bakwai ya fi kowa numfashi a wannan tsari.

Tun farko ƙasashe da dama ba su ji daɗin yadda Amurka ke da hannu na musamman ba, domin duk sauyin da za a yi a uwar rajista sai wani ofishi na ma'aikatar kasuwancinta ya amince. An yi wannan muhawara a taron ƙoli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Janeba a 2003 da Tunis a 2005, inda aka haifi dandalin tattaunawa na IGF, wanda ba ya zartar da hukunci. An sake gwabzawa a Dubai a 2012, wasu ƙasashe na son ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta sami ƙarin iko. Bayan tonon asirin leƙen asirin Amurka da Edward Snowden ya yi a 2013, matsin ya ƙaru. A watan Maris na 2014 Amurka ta sanar za ta janye, kuma a ranar 1 ga Oktoba, 2016 kwangilar da ke tsakaninta da ICANN ta ƙare. A madadinta aka ba zaurukan ICANN ikon ƙin amincewa da kasafin kuɗi, da ƙin sauyin kundi, har da tsige 'yan hukumar gudanarwa. Abin da bai sauya ba shi ne ICANN na nan ƙarƙashin dokar Amurka da kotunanta, kuma takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa wata ƙasa na iya shafar wanda za ta yi hulɗa da shi.

An gwada tsarin sosai a 2022. Da Rasha ta kutsa Yukiren, gwamnatin Yukiren ta rubuta wa ICANN tana neman a cire .ru, ƙarshen sunan Rasha, daga uwar rajista. ICANN ta ƙi, ta ce aikinta shi ne intanet ta ci gaba da aiki, ba ta da hurumin hukunta wata ƙasa. Ina goyon bayan wannan matsayi, ba don ina ganin yaƙin daidai ba. Ranar da aka fara goge sunan ƙasa saboda laifin shugabanninta, asibitoci da makarantu da 'yan jaridar ƙasar ne za su fara ɓacewa, kuma ƙasashe masu rauni irin namu ne za a fi saurin yi wa haka. Mu da muka ɗanɗani zama babu layi mun san wanda ke shan wahala idan aka yanke sadarwa: mai jinya, da ɗalibi, da mai POS a bakin kasuwa.

Wannan ya kawo mu ga iyakar ikon. ICANN ba ta da ta cewa kan abin da aka rubuta a shafi. Ba ta da iko da Facebook ko WhatsApp, ba ta sa farashin data, ba ta kunna ko kashe turakun sadarwa. Rufe layukan Zamfara da dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 duk hukuncin cikin gida ne. Wanda ke da ƙorafi a kan irin waɗannan, Abuja da Gusau zai dosa, da majalisa da kotu.

Ko .ng ma ba ICANN ke tsara mata ƙa'ida ba. Tun 1994 Postel ya rubuta cewa mai riƙe da sunan ƙasa amana yake riƙe wa al'ummar ƙasar, kuma haruffa biyun daga jerin ƙasashe na ISO, hukumar tsara ma'aunai ta duniya, ake ɗauko su. A Nijeriya ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005 bayan doguwar taƙaddama kan wanda ya dace ya riƙe sunan, ita ke gudanar da .ng, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, kuma na tsaye a madadin gwamnati. Kowa na iya sayen .com.ng, amma .gov.ng na hukumomin gwamnati ne, .edu.ng na manyan makarantu. Wannan ƙaramin sani na iya ceton kuɗin mutum. Idan aka turo maka sanarwar ɗaukar aikin gwamnati ko tallafi a WhatsApp, dubi ƙarshen sunan shafin, kafin alamar tsaga (/) ta farko da ke biye da sunan. In ba .gov.ng ba ne, ka dakata ka bincika, ko da an manna hoton mikiya da dawakai biyu a saman shafin.

Ga mai sana'a kuma, akwai ƙa'idoji da suka shafe shi kai tsaye. Suna ba mallaka ba ne, haya ne, daga shekara ɗaya har zuwa goma. A sunayen gama-gari irin .com, wajibi ne dillali ya tura maka tunatarwa kusan wata ɗaya da kuma mako ɗaya kafin wa'adi ya cika, kuma ko an goge sunan akwai kwana 30 na fansa, sai dai da tsada. Matsalar da ta fi yawa a nan wajenmu ita ce ta wanda aka rubuta a matsayin mai suna. Hajiya mai makarantar kuɗi ko Alhaji mai dillancin hatsi zai ba wani yaro aikin buɗe shafi, yaron ya yi rajista da sunansa da imel ɗinsa. Ranar da aka ɓata, ko ya bar gari, a takarda sunan nasa ne. Ka ce a nuna maka rajistar a kan allo, ka ga sunanka da imel ɗinka da idonka. Idan kuma wani ya kama sunan kasuwancinka don ya sayar maka da tsada, akwai hanyar sasanci da aka kafa a 1999, wadda cibiyoyi irin na WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba, ke saurara ba tare da zuwa kotu ba. Sai ka tabbatar da abu uku: sunan ya yi kama da tambarinka, wanda ya kama shi ba shi da haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ya yi rajistar yake kuma amfani da ita. Kuɗin shigar da ƙara ya kai dala 1,500, don haka riga-kafi ya fi.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne batun wakilci. A ƙa'ida ƙofa a buɗe take. ICANN na taro sau uku a shekara, shiga kyauta ne, ana iya bi ta intanet, an yi a Akara da Nairobi da Dakar, an yi a Kigali a 2024. Akwai tallafin tafiya ga sababbin shiga daga ƙasashe masu tasowa. Amma aikin gaske a kwamitoci ake yinsa, da Turanci, mako bayan mako, kuma mai zama a ciki na buƙatar wuta da layi mai ƙarfi da wanda zai biya shi lokacinsa. Manyan kamfanoni na da ma'aikatan da wannan ne kawai aikinsu. Da aka buɗe neman sababbin ƙarshen sunaye a 2012, kuɗin takarda dala 185,000 ne, an sami buƙatu 1,930, na Afirka 'yan ƙalilan ne, kuma .africa sai 2017 ta fara aiki bayan shari'a. Ita ma AFRINIC, mai raba wa nahiyar lambobin intanet daga Morishas, ta shafe shekaru cikin shari'o'i har ta zauna babu hukumar gudanarwa.

Akwai kuma maganar rubutu. Tun 2010 ƙasashe irin su Masar da Saudiyya suka sami ƙarshen sunayensu da haruffan Larabci, saboda masanansu sun zauna a kwamitocin da suka tsara hakan. Mu har yau mai suna Ɗanladi ko garin Ƙaura sai an cire wa harafinsa lanƙwasa kafin fom ɗin banki ko adireshin imel ya karɓa. ICANN na da shiri na ganin manhajoji sun karɓi kowane irin harafi, kuma irin wannan aiki na buƙatar masu harshen su kawo misalan inda ake ƙin haruffansu. Malaman kwamfuta da na Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero na iya yin haka daga ofisoshinsu. Zama ɗan zauren talakawa masu amfani da intanet na yankin Afirka ba ya buƙatar biza, NiRA na karɓar mambobi, kuma duk daftarin ƙa'idar da ICANN ta fitar akan bar shi a buɗe aƙalla kwana 40 don kowa ya rubuta ra'ayinsa.