Filin koyon titi: abin da dokar hanya ta ɗora wa yaro, da abin da ba ta ɗora masa ba

Filin koyon titi wuri ne da ake kewayewa, a zana tituna a cikinsa daidai girman yara: mararraba, shataletale, zanen tsallaka, danja mai aiki, da alluna irin na babban titi amma gajeru. Wasu yaran kan hau keke, wasu motar feda, wasu kuma su taka a ƙasa. Ana bin doka kamar da gaske, sai dai wanda ya yi kuskure a nan malami ne zai tsayar da shi ya ce ya koma ya sake. Abin ya daɗe. An fara irinsa a garin Mansfield na jihar Ohayo a Amurka tun 1937, yau kuma ana samunsa a Jamus da Holan da Japan da wasu ƙasashe masu yawa.

Dokokin da ake bi a ciki ba malamin ne ya ƙago su ba. Akasarinsu suna da tushe a yarjejeniyoyi biyu da aka sanya wa hannu a Biyana, babban birnin Ostiriya, ranar 8 ga Nuwamba 1968, ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ɗaya ta shafi zirga-zirga a kan hanya, ɗaya kuma alamu da fitilu. Kowace ƙasa tana da tata dokar, kuma ita ce ke aiki a kan titinta, amma ƙasashe da dama daga nan suka ɗebo. Har ma a wani gyara da aka yi wa sashe na 3 na yarjejeniyar zirga-zirga daga baya, an wajabta wa ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar su koyar da kiyaye hanya a tsare kuma a kai a kai, musamman a makarantu. Dalilin a fili yake: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Abin da doka ta ce wa mai tafiya a ƙasa

Sashe na 20 na yarjejeniyar zirga-zirga shi ne na masu tafiya a ƙasa, kuma daga gare shi ya kamata darasin farko ya fito, kafin a taɓa keke. Idan akwai hanyar da aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa, a bi ta. Idan babu, a bi bakin titi, kuma yarjejeniyar ta shawarci ƙasashe su sa mutum ya bi hannun da zai fuskanci motocin da ke tahowa, don idonsa ya kasance a kansu. Wajen tsallakawa, idan akwai zanen tsallaka a kusa, a nan za a tsallaka. Kada a saka ƙafa a titi sai an yi la'akari da nisan motar da ke zuwa da kuma gudunta. Idan an fara tsallakawa, a miƙe, ba karkacewa, ba tsayawa a tsakiya babu dalili.

A baki abin da sauƙi. Wahalar tana cikin kalmomi biyun nan, nisa da gudu. Ƙaramin yaro yana iya gane cewa mota na da nisa, amma bai iya haɗa nisan da gudun ba, sai ya ga motar can ƙarama ya ɗauka akwai lokaci. Ga lissafin da ya kamata kowane malami ya riƙe. Titi mai faɗin mita 7, yaro zai ɗauki kamar daƙiƙa 6 kafin ya gama tsallaka shi da tafiya. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, wato fiye da mita 80 a cikin daƙiƙa shidan nan. Motar da yaro ya hango a nisan mita 60 ya ce ai tana can, za ta iso yana tsakiyar titi.

Shi ya sa a filin ake karya tsallakawa gaɓa-gaɓa. Yaro ya tsaya taku ɗaya kafin bakin titi, cak, ƙafafu biyu a ƙasa. Ya duba hannun da mota mafi kusa za ta fito, ya duba ɗayan, ya sake duba na farko. Ya kasa kunne. Sannan ya tsallaka da tafiya yana ci gaba da dubawa, ba da gudu ba, domin mai gudu gabansa kawai yake gani, kuma shi ne ke faɗuwa.

A nan akwai kuskuren da ake yawan yi ba a sani ba. A ƙasar da motoci ke bin hannun dama, hagu ake fara dubawa, sai dama, sai hagu. A ƙasar da suke bin hannun hagu, kamar Birtaniya da Japan, akasin haka ne. Idan aka ɗauko waƙa ko hoton koyarwa daga wata ƙasa ba a duba wannan ba, an koya wa yaro ya fara duba inda hatsarin ba ya nan. Wani kuskuren kuma shi ne kaɗa kai. Yara kan haddace motsin, su juya kai hagu da dama kamar rawa, ba su ga komai ba. Maganinsa shi ne mataimakin malami ya tsaya daga nesa riƙe da kati mai launi ko ya ɗaga yatsu, a tambayi yaron abin da ya gani kafin a bar shi ya taka.

Alluna da danja

Yarjejeniya ta biyu ta tsara alluna ta yadda siffa da launi ke ba da saƙo tun kafin a karanta komai, abin da ya sa yaron da bai iya karatu ba zai iya koyonsu. Allo mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne, akwai wani abu a gaba (wasu ƙasashen rawaya mai siffar daimon suke amfani da shi). Zagayayye mai jan baki hani ne. Zagayayye shuɗi umarni ne, nan za ka bi. Mai kusurwa uku da aka kifa kansa ƙasa yana nufin ba da hanya. Ja mai kusurwa takwas kuwa tsayawa ce cikakkiya ko da babu kowa. Alamu biyar ko shida sun ishi ɗan shekara 6. Filin da aka cika da alluna talatin yana burge manya, amma yaro ba ya fita da komai.

Danja ta fi buƙatar bayani. Ja tsaya, kowa ya sani. Rawaya ma tsaya ce, sai ga wanda ya riga ya matso har ba zai iya tsayawa lafiya ba. Kore kuwa izini ne, ba tabbaci ba, kuma wannan bambancin shi ne mafi muhimmanci a koya wa yaro. Fitilar masu tafiya a ƙasa tana iya yin kore alhali ga mai karya doka ya taho, ko ga mota tana kwana ta shigo layin da yaron ke tsallakawa. Inda koren ke ƙiftawa, yarjejeniyar ta ce ma'anarsa lokacin tsallakawa ya kusa ƙarewa: wanda bai fara ba ya haƙura, wanda yake ciki ya ƙarasa. Malami mai hikima yakan sa wani babba ya keta ja da gangan a kan keke, a hankali, don yaran su saba da duba hanya ko da fitila ta ba su dama.

Tsarin filin da yadda ake gudanar da darasi

Ba sai an kashe dukiya ba. Filin makaranta mai daɓe, fenti, da alluna na katako da ake iya ɗaukewa sun wadatar. Kowane hannu na titin ya kai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi don keke ya wuce ba gogayya. A sa mararraba ɗaya mai danja, ɗaya marar danja, shataletale ɗaya, da zanen tsallaka aƙalla biyu. Allunan su kasance daidai idon yaro. A raba yara kashi biyu ko uku, masu keke da masu tafiya a ƙasa da masu lura, a riƙa sauya su bayan kamar minti goma, domin yaron da ya ɗanɗana wuyar taka birki ya fi gane abin da ya sa ba a faɗa wa mota gaba. Idan masu keke suka yi yawa a lokaci guda, darasin ya koma tsere.

Mai keke sai da hular kwano, kuma a ɗaura ta daidai: ta zauna a miƙe, yatsu biyu tsakanin gira da bakinta, igiyoyin su haɗu a ƙarƙashin kunne, yatsa ɗaya ko biyu kawai su shiga tsakanin igiya da haɓa. Hular da ta zame ƙeya ta bar goshi a buɗe, alhali goshin ne ke fara dukan ƙasa. Kafin kwana, yaro ya waiwaya, ya miƙa hannu, ya mayar da hannayen biyu kan kan keke, sannan ya karya. Wanda bai iya sakin hannu ɗaya ba tare da tangaɗi ba, a fara koya masa wannan a gefe.

Abin da filaye da yawa ke mantawa shi ne shinge ga gani. Ana gina su a buɗe tas, komai a bayyane, alhali hatsarin yara yawanci daga inda ba a gani yake fitowa. Ɗan shekara 6 tsayinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, motar da aka ajiye a bakin titi ta rufe shi ruf. Masu bincike a Jami'ar Strathclyde ta Sikotilan sun gano cewa ƙananan yara kan yanke hukunci da abin da idonsu ya gani: idan ba su ga mota ba, to babu mota, ko da suna tsaye a bayan shinge ko a kan kwana. Daga wannan binciken aka fitar da shirin Kerbcraft na 'yan shekara 5 zuwa 7, wanda ke koyar da zaɓen wurin tsallaka, da tsallakawa kusa da motocin da aka ajiye, da tsallakawa a mahaɗar hanya. Saboda haka a ajiye tsohuwar mota ko babban allo a bakin titin filin. A koya wa yaro ya fara neman wurin da yake gani ake ganinsa. Idan dole ne ya bi tsakanin motoci, ya tabbatar babu direba a ciki, ya matsa zuwa ƙarshen jikin motar ya tsaya, daga nan ya leƙa. Idan an samu babbar mota, a ɗora yaran ɗaya bayan ɗaya a kujerar direba, sauran su tsaya daf da gabanta da gefenta. Da ya ga abokansa sun ɓace masa, ya fahimci cewa ganinsa ga mota ba ya nufin direba ya gan shi.

Nauyin da ya rage a kan manya

Wannan ɓangaren ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Koya wa yaro doka bai sauke nauyi daga kan direba ba. Sashe na 7 na yarjejeniyar zirga-zirga ya umarci direbobi su ƙara taka tsantsan da masu rauni a hanya, ya kuma ambaci yara da tsofaffi da masu naƙasa. Sashe na 21 ya ce direban da ya tunkari zanen tsallaka marar danja ya rage gudu yadda ba zai jefa masu tsallakawa cikin hatsari ba, ya tsaya idan ta kama. Wasu ƙasashen sun ƙara gaba. A Jamus, yaron da bai cika shekara 10 ba doka ba ta ɗora masa biyan ɓarnar hatsarin da ya haɗa shi da mota, sai idan ya kai shekara 7 kuma da gangan ya jawo shi. A can kuma wanda bai kai 8 ba a hanyar masu tafiya a ƙasa zai hau kekensa, jarrabawar keke kuma yawanci sai a aji huɗu na firamare.

Gudu ne ke raba gardama. Direban da ke kilomita 30 a awa, idan ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ya taka birki a busasshen titi, zai tsaya a cikin kamar mita 13. Mai kilomita 50 sai ya ci kusan mita 28, kuma a daidai wurin da na farko ya tsaya, shi ko birkin bai kai ga takawa ba. Wannan ne ya sa taron ministoci na birnin Sitokholm a Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a wuraren da motoci ke cakuɗa da mutane.

Don haka takardar shaidar da ake ba yaro bayan darasi ba lasisin fita shi kaɗai ba ce. A filin, motar feda ba ta da gudu, babu ƙara, babu ruwan sama, kuma kowa na bin doka. Har zuwa wajen shekara 10 yaro na buƙatar babba a gefensa a titi mai cunkoso, a riƙe shi a wuyan hannu domin tafin hannu yana suɓucewa, babban kuma ya kasance ta ɓangaren motoci. A cikin makon da aka je filin, uwa ko uba su bi da shi hanyar da yake bi kullum, a lokacin da yake binta, su bar shi ya zaɓi wurin tsallaka ya faɗi dalilinsa, shi zai ce yanzu ko a dakata. Idan ya yi daidai sau da yawa a ranaku daban-daban, har da ranar da yake sauri da ranar da abokinsa ke kiransa daga tsallaken titi, sai a fara barinsa ya yi gaba ana binsa a baya da 'yan taku.