Jakar baya ta tafiyar ƙasa a yankuna masu yawan ruwa da laima

Jakar baya, ko jakar goyo kamar yadda wasu ke ce mata, jaka ce mai maratayi biyu da ake saƙalawa a kafaɗu ta kwanta a gadon baya, hannuwa su zauna a sake. Wadda ake ɗinkawa don doguwar tafiyar ƙasa ta sha bamban da ta 'yan makaranta: tana da ƙashi na ƙarfe ko na roba a ciki, da ɗamara mai kauri da ke kama ƙugu, kuma da lita ake auna cikinta. A dazuzzuka da tsaunukan da ruwa ke sauka wata takwas ko fiye a shekara, laimar da ba ta bushewa ce ke kashe irin wannan jaka, tun kafin nauyin kaya da ƙaya su yi nasu aikin.

Yanayin da jakar za ta shiga

Mutumin Katsina ko Daura da rana da ƙura ya san jaka. Ruwan da ke sauka a birnin Katsina kimanin milimita 600 zuwa 700 ne a shekara, yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba, kuma ko a tsakiyar marka, idan jaka ta jiƙe da safe aka shanya ta a igiya, kafin magariba ta bushe. Da hunturu kuwa iska na bushewa har leɓe ya tsage. Shi ya sa burgame da gafaka da taikin da dukawa ke ɗinkawa suke daɗewa a hannun masu su, wasu har a gaje su.

Kudu da gabas abin ba haka yake ba. Kalaba na samun ruwa kusan milimita 3,000 a shekara. Ƙauyen Debundscha da ke gindin Dutsen Kamaru yana samun kusan milimita 10,000, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a duniya. Gandun dajin Gashaka-Gumti da ke Taraba da Adamawa, wanda aka kafa a 1991 kuma ya fi kowane gandun ƙasa girma a Najeriya, a cikinsa Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a ƙasar, mita 2,419. Can da Mambila da Obudu da gandun dajin Kuros Riba, damshin iska kan wuce kashi 80 cikin 100 da damina. Rigar da aka wanke yau, jibi ma da sanyinta. Jakar fata ta kwana huɗu a irin wannan wuri sai ta yi furfurar fumfuna. Masu yi wa ƙasa hidima da aka tura kudu, da ɗalibai masu aikin fili, da ma'aikatan gandun daji da masu hawan tsauni don nishaɗi, su ne Katsinawan da wannan bambanci ya fi shafa.

Asali

Ɗaukar kaya a baya tsohon abu ne. Gawar mutumin da aka tsinta cikin ƙanƙara a 1991 a tsaunukan da ke iyakar Italiya da Ostiriya, wadda ta haura shekara 5,000, an same ta tare da lanƙwasasshen itace da ake kyautata zaton ƙashin jaka ne. A 1908 Ole Bergan na ƙasar Norwe ya ƙera jaka mai ƙashin ƙarfe. Dick Kelty ya fara yin masu ƙashin alminiyam a Kalifoniya a 1952, Greg Lowe kuma ya mayar da ƙashin cikin jaka a 1967, tsarin da yawancin jakunkunan yau ke bi. Duk waɗannan don tsaunukan sanyi aka yi su, abin da ya kamata mai saye a ƙasar zafi ya riƙe a ransa.

Yadi da shafen ciki

Yawancin jakunkunan tafiya da nailan ko foliyesta ake yinsu. Nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935, ya fi jure gogayya da dutse da ƙaya. Foliyesta kuma ya fi jure rana, bai kuma cika shan ruwa ba: zaren nailan kan sha damshi kusan kashi 4 cikin 100 na nauyinsa, na foliyesta bai kai kashi 1 ba. Kambas na auduga, irin na tsofaffin jakunkunan soja, yana da ƙwari amma yana shan ruwa kamar soso, ya yi nauyi, ya yi fumfuna. A dajin ruwa ba shi da wurin zama.

A jikin takardar jaka akan ga lamba kamar 210D ko 500D ko 1000D. Wannan D ɗin deniya ce, ma'aunin kaurin zare: nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a giram. Zaren 500D ke nan mita 9,000 nasa giram 500 ne. Yadin Cordura, wani nau'in nailan mai ƙwari, mai 500D ya ishi kusan kowace tafiya. Mai 1000D ya fi ƙwari amma nauyinsa na ƙaruwa, kuma ya fi jinkirin bushewa. Jaka mai kyau takan sa yadi mai kauri a gindi, inda ake direwa a ƙasa, mai sauƙi a sama. Akwai kuma saƙa mai gida-gida, wadda ake ratsa zare mai ƙarfi a tsaye da a kwance don yagewa ta tsaya a gida ɗaya. Lamba kaɗai ba ta isa shaida ba, domin foliyesta mai 600D na jakunkuna masu araha sau da yawa bai kai nailan mai 420D ƙarko ba.

Yadin kansa ba ya tare ruwa. Abin da ke tarewa shi ne shafen da aka yi masa ta ciki, yawanci na foliyuretan, wanda ake rubutawa PU. A nan gizo ke saƙa. Zafi da damshi idan suka haɗu suna narkar da wannan shafe a hankali: ruwan da ke cikin iska yana tsinka ƙwayoyin sinadarin, shafen ya fara danƙo, ya yi wari mai tsami kamar na amai, daga baya ya riƙa ɓarewa fari-fari kamar amosanin kai. Jakar da za ta shekara goma lafiya lau a Daura tana iya lalacewa cikin 'yan shekaru a Kalaba ko da tana rataye a ɗaki ba a taɓa ta. Shafen TPU, wanda ake manna wa yadi kamar fata, da tamfol na PVC sun fi tare ruwa, sai dai tamfol nauyi gare shi, ga taurin kai. Yadduka na zamani irin Dyneema ba sa shan ruwa kusan sam, amma kuɗinsu ba na kowa ba ne.

Ɗinki, zif da maɓalli

Duk inda allura ta bi, ta bar ƙofa. Saboda haka jakar da aka ɗinka da keke, komai tsadarta, ruwa zai shige ta idan aka daɗe ana yinsa kamar da bakin ƙwarya. Wadda ke tare ruwa da gaske ita ce wadda aka narka bakunan yadinta aka manne su da zafi, bakinta kuma naɗewa ake yi sau uku a ɗaure, babu zif. Irin wannan ta dace da tsallaka rafi da shiga kwalekwale, amma galibinsu aljihu kaɗan gare su, bayansu ma bai cika daɗin goyo ba.

Zif ne ke fara mutuwa. Laka da yashi suna cinye kan zif, na ƙarfe mara kyau kuma ya yi tsatsa ya ƙame. Kamfanin YKK na Japan, wanda Tadao Yoshida ya kafa a 1934, shi ne ya fi suna wajen inganci, kuma sunansa na kan zif ɗin, ko da yake jabu ma na yawo. Mai manyan haƙora, lamba 8 ko 10, shi ya kamaci babban baki. Jakar da ake zuge bakinta da igiya sannan murfi ya rufo ta sama ta fi mai dogon zif zagaye, don ko zif ɗin aljihu ya mutu tafiya ba ta tsaya ba. Maɓallan roba sun fi na ƙarfe a wurin damshi. Inda maratayi ya haɗu da jaka, a nemi ɗinki mai maimaici, gajere, cunkushe.

Kare kaya

Jakunkuna da yawa suna zuwa da rigar ruwa mai roba a baki da ake lulluɓa musu. Tana maganin yayyafi da laka, amma ruwan da ke gangarowa ta wuya da kafaɗa yana bi ta bayan jaka inda rigar ba ta rufe ba, reshe kuma kan fizge ta a cikin kurmi. Matafiya da suka goge sun fi dogara da kariyar ciki: a zura babbar leda mai kauri cikin jaka, a zuba kaya a cikinta, a murɗe bakinta a lanƙwasa. Waya da caja da takardun shaida kowanne da tasa ƙaramar leda. Kayan barci busassu ba a taɓa su sai dare, jiƙaƙƙu kuma a aljihun raga na waje suke tafiya. Ƙaramin rami a gindin jaka, wanda baƙon abin zai ɗauka aibi ne, an yi shi ne don ruwan da ya shiga ya samu hanyar fita.

Girma da zama a jiki

Lita 20 zuwa 30 ta isa tafiyar yini. Kwana biyu ko uku, lita 40 zuwa 50. Fiye da haka sai 55 zuwa 70. A ƙasar zafi ba a ɗaukar tulin kayan sanyi, don haka jaka kan yi ƙasa da wadda Bature zai ɗauka, sai fa mai hawa Mambila ko Chappal Waddi, inda dare ke da sanyi na gaske. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka, wato mai kilo 65 ya tsaya wajen kilo 13. Kowace litar ruwan sha kilo guda ce a cikin lissafin.

Ɗamarar ƙugu ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi, kafaɗa tana daidaitawa ne kawai, kamar yadda zani ke riƙe goyo. Tsawon da ake aunawa na gadon baya ne, daga ƙashin da ke turowa a gindin wuya zuwa daidai saman ƙashin ƙugu. Dogon mutum na iya zama mai gajeren baya.

Sai zufa. Soso mai kauri da ya manne a baya yana shanye gumi da ruwa, ya kwana bai bushe ba, ya jawo ƙuraje da saɓar fata. Kamfanin Deuter na Jamus ya fito da baya mai raga a 1984, ragar a ɗame, jakar kuma ta ɗan ja baya don iska ta ratsa tsakani. A zafi mai laima wannan tsari rahama ne. Illarsa ita ce yana nisanta nauyi daga jiki, abin da ake ji a gangare mai santsi idan kaya sun yi yawa.

Saye a kasuwa

Sabuwar jaka ta asali wuya gare ta a Katsina da Daura, ga tsada. Abin da ya fi samuwa shi ne sababbi masu araha da ke ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, da kuma gwanjo, a babbar kasuwar Katsina ko a Ƙofar Wambai a Kano. Araha ba ta ado, amma a tulin gwanjo akan dace da jaka ta asali da ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba.

Mai sayarwa zai ce, "Alhaji, wannan ruwa ba ya ratsa ta." Ba a yi masa musu, dubawa ake yi. A juye cikin jakar waje a shinshina. A murza yadin da babban yatsa: idan ya yi danƙo ko farin gari ya biyo yatsa, shafen ya mutu, kuma ba ya tashi. A ɗaga ta saitin rana a leƙa ta ciki, duk inda haske ya ɓullo ruwa ma zai ɓullo. A ja zif sau biyar ko shida, a kula da lanƙwasa, nan yake fara buɗewa ta baya. A matsa soson ɗamara, wanda ya tsufa ba ya dawowa. A danna maɓallan a saurari ƙararsu, robar da rana ta ci takan yi fari ta karye. Daga nan a roƙi maƙwabcin rumfa aron wani abu mai nauyi, ko da mudu uku ko huɗu na gero ne, a zuba a goya a zaga layin kasuwa. Jakar da shafenta ya mutu amma ƙashi da ɗinki na nan daram ba abin yarwa ba ce in farashin ya sauka, tunda leda ce za ta tsare kayan. Maratayin da ya fara sakin zare kuma baduku ko mai gyaran takalmi zai ɗinke shi da zaren nailan.

Kulawa

A daji ba a kwantar da jaka a ƙasa. Ana rataye ta a reshe ko a ɗora kan dutse, saboda laima da gara da kwarkwasa, da ɓerayen da ke huda yadi idan sun ji ƙanshin ƙuli-ƙuli ko kilishi. Bayan an dawo, a zazzage ta, a wanke da ruwa da sabulu mara ƙarfi da hannu, a bi haƙoran zif da tsohon buroshi, a goga musu kyandir kaɗan. A inuwa ake shanya ta, baki a buɗe, a kife, domin ranar Katsina na cin nailan kamar yadda laimar kudu ke cin shafe. Sai soson baya ya bushe ƙarau ake ajiye ta, a rataye a inda iska ke shiga, ba a cikin leda ko ƙasan akwati ba.